SUNA MA DUKIYA NE: DARASIN GAHAWAR KAN TSAUNUKA GA MANOMAN AYA

 A wannan karo za mu yi magana a kan wani abu wanda ba a aunawa da tiya, ba a ɗora shi bisa sikeli, amma yana ƙara wa buhu daraja ko ya rage masa. Wannan abu shi ne suna.

A rangadin da muka yi na cibiyoyin yaƙi da jahilci cikin gundumomin Agye da Gazawa da Gidan Rumji, mun riƙa tafiya da wata ƴar jakar takarda wadda wani aboki ya kawo mana tsaraba. Gahawa ce a cikinta, mun shanye tuni, jakar muka adana don darasin karatu. Duk cibiyar da muka sauka, sai mu fassara abin da aka rubuta a jikinta, malami ya sa a allo, ɗalibai su karanta. Ga sunan ƙasa: Ruwanda. Ga sunan gundumar da aka noma ta. Ga sunan ƙungiyar manoman da suka tsinke ta. Ga tsawon tudun da gonakin suke, ga shekarar girbi, har da yadda aka wanke ta aka shanya.

Daga nan sai mu ce a kawo mana buhun aya, a karanta abin da ke jikinsa. A wata cibiya tsohon buhun takin zamani aka kawo, a wata kuma buhun shinkafa mai ɗauke da sunan wata ƙasa ta Asiya. Babu inda muka tarar da sunan garin da ya noma ayar. Wani dattijo cikin ɗaliban ya dubi allo ya dubi buhu, ya ce: "Malam, ashe gahawa da takardar haihuwarta take yawo, ayarmu kuwa ko sunan uba ba ta da shi." Maganar dattijon nan ita ta sa muka ɗauki alƙalami.

ABIN DA YA SA GAHAWAR TSAUNI TA YI TSADA

Gahawa ba shukar ƙasarmu ba ce, kuma kada wani ya yi tsammanin muna kira a shuka ta. Irin da aka fi so a duniya, wanda ake kira arabika, asalinsa ƙasar Habasha ne. Yana son tudu mai tsawon mita 1,000 zuwa 2,000, da sanyi, da ruwan sama fiye da milimita 1,200 a shekara. Mu kuwa tudunmu bai kai mita 500 ba, ruwan da muke samu ko a damana mai kyau bai kai abin da take bukata ba.

Wuraren da ta fi yin suna su ne gangaren duwatsu masu aman wuta, irin su dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya, da dutsen Kenya, da tsaunukan Birunga na arewacin Ruwanda, da tuddan yammacin Kamaru. Tokar da duwatsun nan suka yi ta fitarwa tun zamanin da ita ce ta zama ƙasa mai zurfi, mai ƙarfi, wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Sanyin tudu kuma yana sa ƴaƴan itacen su nuna sannu a hankali, ɗanɗanonsu ya haɗu sosai.

To amma ƙasa kaɗai ba ta sa tsada. A kan tsauni guda za ka tarar da manomi biyu, ɗaya an sayi tasa da daraja, ɗaya an haɗa tasa cikin tarkace. Bambancin a hannu yake. Mai neman daraja yana bin itace yana tsinkar jajayen ƴaƴa kaɗai, ya bar ɗanyu sai sun nuna. A ranar da ya tsinka, a ranar yake kai wa wurin wanki na ƙungiya. A ɓare, a wanke, a shanya bisa gadaje da aka ɗaga daga ƙasa, ana juyawa ana tsince masu aibi. Kayan kowane gari daban, ba a gauraya su da na wani. Daga ƙarshe masana ɗanɗano su kurɓa su ba da maki bisa 100. Wadda ta kai maki 80 ko fiye ita ce ake kira gahawa ta musamman, ita ce ake sayarwa da sunan garinta, kuma kuɗinta ya fi na gama-gari. Ke nan abu uku ne suka taru: ƙasa wadda Allah ya bayar, da aiki mai tsabta wanda mutum ya yi, da rubutu wanda ya tabbatar da asali.

SUNA SAI AN TSARE SHI

Masu suna ba su same shi a kwance ba. A shekara ta 2005 gwamnatin Habasha ta tashi neman a yi mata rajistar sunayen gahawarta uku, Sidamo da Harar da Yirgacefe, a manyan kasuwannin duniya, don ta ga ana cin riba da sunayen alhali manomanta suna cikin talauci. Ta yi ja-in-ja da kamfanin Starbucks na Amurka, sai a 2007 suka daidaita, kamfanin ya amince sunayen na Habasha ne.

A nan kusa da mu akwai hukumar OAPI mai mazauni a Yawunde, wadda ta haɗa ƙasashe 17 na Afirka. Ita ke yin rajistar kayan da darajarsu ta rataya ga wurin da suka fito. A 2013 ta yi rajistar kaya uku na farko: masoron Penja, wanda ake nomawa a ƙasar dutse mai aman wuta ta Kamaru, da farar zumar Oku ita ma ta Kamaru, da gahawar Ziyama-Masanta ta ƙasar Gine. Bayan rajistar, farashin masoron Penja ya tashi ƙwarai, kuma a 2022 Tarayyar Turai ita ma ta amince da sunan.

Mu ma a Nijar mun ɗanɗana wannan. Kowa ya san albasar Galmi daga Abijan har Akara. An taɓa wayar gari wani kamfanin iri na ƙasar waje ya nemi mallakar irin albasar da sunanta, sai da manoma da hukuma suka tashi tsaye kafin ya janye daga sunan. A 2023 aka miƙa wa Nijar takardun rajistar albasar Galmi da kilishin Nijar, tare da tambarin gama kai na cuku da na fatar jar akuyar Maraɗi.

Fatar nan kuwa ta isa wa'azi. Ɗaruruwan shekaru ayarin raƙuma na ɗaukar jemammiyar fatar jar akuya daga ƙasar Hausa, su ƙetare Sahara da ita. Da ta isa Turai sai aka riƙa kiranta fatar Maroko, don ta can ta biyo. Kakanninmu suka yi kiwo, suka yi jima, wasu suka tafi da suna. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

INA SUNAN AYARMU?

Jihar Maraɗi ita ce uwar noman aya a Nijar. Jigawar Agye da Cadawa da Gazawa da Gidan Rumji da Madarunfa, mai laushi wadda saiwa ke ratsawa ba wahala, ita ce tamu ƙasar ta musamman, kamar yadda tokar dutse take ga masu gahawa. Babbar aya da ƙarama duka muna noma su. Daga kasuwanninmu manyan motoci ke kwasarta su bi ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina da Kano, inda masu kunun aya da masu daƙuwa ke jiranta. Wata kuma har ƙasar Ispaniya take kaiwa.

A can Ispaniya, a yankin birnin Balensiya, su ma suna noman aya, suna yin wani abin sha da ita mai kama da kununmu wanda suke kira orcata. Gonakin ayarsu duka ƴan ɗaruruwan hekta ne a wasu garuruwa arewa da birnin, abin da bai kai gefen namu ba. Don haka ne suke sayen ƙari daga Nijar da Burkina Faso da Mali. Amma tasu tana da rajista da sunan Balensiya, tana da hukumar da ke duba ta. Suna wanke ta, su shanya ta a ɗakuna masu iska har wajen wata uku ana juyawa, su tsince, sa'an nan su ɗaura mata tambari. Kuɗinta daban ne. Tamu idan ta isa, sunanta "ayar Afirka" kawai. Mai sha bai taɓa jin Cadawa ba, balle ya nemi tata.

LAIFIN DA KE WUYANMU

Yana da sauƙi mu ɗora wa ƴan kasuwa laifi duka. Amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata. Idan yau aka ce kowa ya rubuta sunansa a buhunsa, mu nawa ne za mu yarda?

Na farko, yashi da tsakuwa. Wani rashin tankaɗe ne, wani kuwa da gangan yake bari don buhu ya cika. Bari mu yi lissafi irin na cibiya. A ce ɗan kasuwa ya saba tarar da tiya 3 na datti cikin kowane buhu mai tiya 40. Idan ya sayi buhu 100, datti ya tashi tiya 300, wato buhu 7 da rabi ke nan ya biya kuɗin yashi, ya kuma biya kuɗin motar da ta ɗauke shi. Shi ba zai yi asara ba. Zai rage farashi ga kowa da kowa, har da wanda ya tankaɗe tasa tas. Mai ha'inci ba baƙo yake cuta ba, maƙwabcinsa yake cuta. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Na biyu, danshi. Ayar da aka ɗura a buhu ba ta gama bushewa ba tana yin fumfuna, kuma wata fumfunar tana haifar da guba wadda likitoci ke kira afalatoksin. Gubar nan ba a ganinta, dafuwa ba ta kashe ta. Tana lalata hanta sannu a hankali, tana tauye girman yara. Ita ce dai ake samu a ruɓaɓɓiyar gyaɗa da masara. Ƙasashen Turai suna auna ta a bakin tashar jirgin ruwa, kayan da ya wuce ƙa'ida su mayar da shi. Amma kafin mu damu da Turawa, mu tuna ƴaƴanmu ne ke fara tauna ayar nan.

Na uku, maganin ƙwari. Wasu suna yayyafa fiya-fiya a kan abin da mutane za su ci, wasu suna jefa ƙwayar hayaƙi cikin buhu su aje shi a ɗakin kwana. Wannan ganganci ne da rai. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen wake daga Nijeriya saboda ragowar irin wannan magani, kuma hanin ya shafi mai laifi da marar laifi. Kada wanda ya sa magani a ajiya sai da shawarar malamin gona, kuma kada a taɓa aje buhu mai magani inda ake kwana.

Na huɗu, ita kanta ƙasar. Mun san yadda muke haƙar aya: a sa wa busasshen ganye wuta, a tone gona, a tankaɗe ƙasarta. Idan an gama, fili ya zama tsirara, iskar hunturu ta kwashe laushin ƙasar, ta bar mana tsabar rairayi. Baɗi sai an ƙara taki kafin a sami abin da aka samu bana. Masu gahawa sun gane ƙasarsu ita ce jarinsu, shi ya sa suke dasa itatuwan inuwa suna tare zaizaya. Mu kuwa a nan Agye, a garuruwa irin su Ɗan Saga, mun yi suna wajen sassaben zamani, har baƙi na zuwa daga ƙasashe su ga yadda muke renon gawo da kalgo da sabara cikin gona. Bai kamata mu gyara da hannun dama mu ɓata da hagu ba. A baje tarin ƙasar bayan tankaɗe, a zuba takin gida, a bar kara a kwance, kuma kada a maimaita aya a gona guda shekara da shekaru. A juya da wake ko gyaɗa ko hatsi.

Akwai kuma lafiyar masu aiki. Yawancin tankaɗe da sheƙa da kala mata ne ke yinsu, wuni guda cikin ƙura, wata da goyo a baya. Tari da ciwon ido da ake yawan gani lokacin haƙar aya ba daga sama suke faɗowa ba. A rufe hanci da baki da ƙyalle, a tsaya ta inda iska ke fitowa, a aje jarirai nesa cikin inuwa. Tarin da ya wuce sati biyu a kai shi likita.

MASU CEWA BA ZA TA YIWU BA

A kowace cibiya mun sami masu ja da maganarmu, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne.

Wasu suka ce: "Mun taɓa gyarawa, amma dillali kuɗi ɗaya ya ba mu da wanda bai gyara ba." Gaskiya ne. Buhu guda mai tsabta cikin buhu ɗari marasa tsabta ba ya da murya. Amma idan gari guda ya tara cikin mota na aya mai tsabta, iri ɗaya, awo ɗaya, to ya isa ya yi ciniki da babban mai saye kai tsaye. Manoman Ruwanda ƙananan manoma ne kamarmu, da yawansu gonarsu ba ta kai hekta guda ba. Wurin wanki na ƙungiya shi ya haɗa ƙarfinsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wasu suka ce: "Da kaka bashi ke jiranmu, ga biki ga sutura, ba mu iya jiran farashi." Wannan ma gaskiya ne. Maganinsa kuwa a ƙasarmu aka gwada shi tun ƙarshen shekarun 1990, da taimakon hukumar FAO, wato warantaji. Ƙungiya ta zuba kayanta a mangaza, a sa kwaɗo biyu, ɗaya nata ɗaya na asusun da ya ba da rance. Manomi ya karɓi kuɗi ya biya bukata, idan farashi ya tashi a sayar, a biya rance, saura nasa. Sai dai mu faɗa muku, akwai shekarar da farashi ba ya tashi, don haka kada mutum ya ci rancen da ya fi ƙarfinsa. Kuma mangaza ba ta karɓar jiƙaƙƙen kaya. Kun ga tsabta da ajiya tafiyarsu ɗaya.

Wasu kuma suka ce: "Mu Nijeriya muke kai wa, can ba ruwansu da tambari." Mai kunun aya a Kano ita ma ta san wahalar wanke yashi, ta san asarar ruɓaɓɓiyar aya, kuma inda ta sami mai kyau can za ta koma. Ban da haka, rufe iyaka da aka yi a 2019 da wanda aka yi a 2023 sun nuna mana hatsarin dogara ga ƙofa guda. Kaya mai suna ya fi samun ƙofofi.

Akwai gargaɗi guda wanda mu da kanmu za mu ƙara. Dattawanmu sun tuna zamanin gyaɗa, lokacin da kamfanin Sonara, wanda aka kafa a 1962, ke sayenta, kowa ya ba ta gonarsa mafi kyau. Farin 1973 da kuturtar gyaɗa ta 1975 suka zo suka rushe wannan arziki. Kada neman kuɗin aya ya sa mu rage gonar hatsi. Rumbu shi ne gaba, kasuwa na biye.

ABIN DA MUKE KIRA A YI

Ga manoma: a ware babbar aya daban, ƙarama daban. A tankaɗe sau biyu, a tsince. A shanya bisa tabarma ko tampol, ba a ƙasa ba, har sai ta bushe ƙayau. A ɗura cikin sabon buhu, a jera bisa katako nesa da bango. Kada a sa abinci cikin buhun da ya taɓa ɗaukar taki ko magani.

Ga ƙungiyoyi: a zauna a rubuta ƙa'ida da Hausa, a karanta wa kowa, a sa hannu. A zaɓi mutum uku, cikinsu har da mace, masu duba kowane buhu kafin a karɓa. A rubuta a jikin buhu sunan gari, da lambar mai shi, da shekara, da nauyi. Wanda aka kama da ha'inci a mayar masa da kayansa ko da ɗan maigari ne. Matan da ke aikin su shiga rajista da sunayensu, kuɗinsu ya shiga hannunsu.

Ga ɗalibanmu da malamansu: a nan ne karatunku zai yi rana. Rajistar ƙungiya, da takardar awo, da lissafin mangaza, duka suna bukatar mai alƙalami, kuma ya fi kyau ya zama ɗan gari. Muna roƙon kowace cibiya ta buɗe littafin aya a bana: wa ya shuka, yaushe, wane iri, wane taki ya sa, buhu nawa ya samu, nawa ya sayar. Ranar da za a nemi rajistar suna, irin wannan littafi ne hujja.

Ga mahukunta da ma'aikatan gona, da masu bincike na cibiyar Inran ta Tarna da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi: muna roƙo ku taimaka a tantance irin ayarmu, a samo hanyar haƙa wadda ba ta kashe ƙasa, a samar da wurin auna danshi da guba kusa da manoma, a kuma kama wa ƙungiyoyi hannu su bi hanyar da albasar Galmi ta bi.

Ba mu ce za a gama wannan cikin damana ɗaya ba. Mutanen Galmi sun yi shekaru suna fama kafin takarda ta fito. Amma takarda shaida ce kawai, ba ita ke tankaɗe ba. Tun kafin ta zo, ranar da ɗan kasuwa a Kano zai ga buhu mai sunan Gazawa ko Cadawa ko Gidan Rumji ya biya ba tare da ya zura hannu ya lalubi tsakuwa ba, to ranar suna ya samu. Aikin yana farawa daga rariyar kowane ɗayanmu, a kakar nan da muke ciki.

Muna jiran wasiƙunku a kan wannan magana, musamman daga ƙungiyoyin da suka riga suka gwada. Allah ya sa albarka a gonakinmu, ya ba mu lafiya da zaman lafiya, amin.